Mujallar Journal of African History a Kan Sikelin Ambato: Nazarin Lamari

Duk wanda ya karanci tarihin Afirka a jami'a, ko a wace nahiya yake, ya taɓa riƙe mujallar Journal of African History a hannu ko ya buɗe ta a kwamfuta. Tun 1960 take fitowa daga maɗaba'ar Cambridge University Press, kuma a wurin masu wannan fanni, shiga cikinta na daga cikin manyan abubuwan da malami ke fatan samu a rayuwar aikinsa. Amma idan aka ɗauko alƙaluman da kamfanonin ƙididdigar ambato ke fitarwa duk shekara, wato lissafin sau nawa wasu masana suka ambaci aikin a rubuce-rubucensu, aka ajiye ta kusa da mujallun likitanci ko na kimiyyar halittu, sai a ga ba ta ko kama ƙafarsu ba. Ma'aunin tasirin mujallar Nature ya daɗe yana sama da 40. Mafi yawan mujallun tarihi kuwa ba su kai 1 ba, fitattun cikinsu ne ke ɗan haurawa. Wannan nazari ya ɗauki mujalla guda ya bi diddiginta: me take samarwa, ta wace hanya tasirinta ke bi, kuma nawa daga cikin wannan tasiri ne lissafin ambato yake iya gani.

Yadda aka faro

Roland Oliver da John Fage ne suka kafa ta, suka riƙe editancinta har zuwa 1973. Oliver ya fara koyarwa a makarantar SOAS ta Jami'ar Landan a 1948. Fage ya shafe shekara goma yana koyarwa a kwalejin jami'a ta ƙasar da ta zama Gana kafin ya koma Ingila a 1959. Tarukan da aka yi a SOAS a 1953 da 1957 kan tarihi da kimiyyar kufai sun nuna cewa masu bincike suna nan a warwatse, zauren da zai haɗa su ne babu. Fitowar farko ta zo daidai da shekarar da ƙasashen Afirka 17 suka sami 'yancin kai. Kada a ɗauka an riga an yarda da fannin a lokacin. A 1963, mujallar tana da shekara uku, Hugh Trevor-Roper, babban farfesan tarihi a Oxford, ya fito fili ya ce babu wani tarihin Afirka da za a koyar, sai dai tarihin Turawa a Afirka.

Saboda haka aikin shekarun farko shi ne nuna cewa akwai hujjoji, kuma akwai hanyar aiki da su. A kundin 1960 Jan Vansina ya bayyana yadda ya tattara tarihin baka na Bakuba a Kwango, Joseph Greenberg kuma ya yi amfani da kalmomin aro wajen nuna tasirin Barebari a kan Hausawa. Daga 1961 Brian Fagan ya shiga jero sakamakon gwajin sinadarin kabon da ake yi wa kayan da aka tono a kufai, domin masu tarihi su sami shekarun da za su rataya labari a kansu. Harshe, da baka, da tono, da takardun Larabci, da kundayen mulkin mallaka, duk mujallar ta tara su a zaure guda.

Ta fuskar yawa, mujallar ba mai ambaliya ba ce. Ta yi shekaru masu yawa tana fitowa sau uku a shekara, kowace fitowa da 'yan maƙalu masu tsawo, sai kuma sharhin littattafai masu yawa a bayansu. Abin da ke taruwa a shekara bai wuce 'yan gomomi ba. Don a ga bambancin, mujallar PLOS ONE ta kimiyya ta buga sama da maƙala 30,000 a 2013 kaɗai. Wannan ƙarancin zai dawo mana idan mun zo lissafi.

Abin da ma'aunin yake ƙirgawa

Eugene Garfield ne ya kawo shawarar kundin ambato a wata maƙala da ya buga a mujallar Science a 1955. Kamfaninsa na ISI ya fitar da kundin kimiyya a 1964, na kimiyyar zamantakewa a 1973, na fasaha da ilimin ɗan'adam a 1978. Thomson ya sayi kamfanin a 1992, tun 2016 kuma yana hannun Clarivate. Ma'aunin tasirin da ake kira Journal Impact Factor, Garfield da abokin aikinsa Irving Sher sun ƙirƙiro shi ne don zaɓen mujallun da za a saka a kundin, daga baya masu ɗakunan karatu suka riƙa amfani da shi wajen yanke shawarar abin da za su saya. Garfield da kansa ya sha gargaɗi cewa ba a yi shi don auna mutum ɗaya ba.

Lissafin ba shi da wuya. Ana ɗaukar yawan ambaton da aka yi a wata shekara ga abin da mujalla ta buga a shekara biyun da suka gabace ta, a raba da yawan maƙalun da ta buga a waɗannan shekaru biyu. A ƙaddara, a matsayin misali kawai, mujalla ta buga maƙala 40 a shekara biyu, aka ambace su sau 20 a shekara ta uku: ma'auninta 0.5 ke nan. Idan maƙala guda ta dace da wani batu da ake yayi ta jawo ƙarin ambato 10, ma'aunin ya koma 0.75, wato ya ƙaru da rabi, alhali sauran maƙalu 39 suna nan yadda suke. Ga mujallar da ke buga dubbai, irin wannan ba ya motsa komai. Ga mujalla irin Journal of African History, hawa da saukar lambar daga shekara zuwa shekara kan iya zama sa'a ce kawai.

Sharuɗɗa biyu ne ke cikin lissafin da suka fi shafar tarihi. Ambaton dole ya zo cikin shekara biyu, kuma dole ya fito daga wallafar da ke cikin kundin kamfanin, wanda asalinsa kundin mujallu ne. Mu gwada waɗannan sharuɗɗa a kan maƙalu na gaske.

Maƙalar Cobbing ta 1988

Wannan ce ta fi fito da lamarin sarari, don haka zan tsaya a kanta. Kafin 1988, labarin da aka sani a kudancin Afirka shi ne cewa a shekarun 1810 zuwa 1830, bunƙasar daular Zulu ƙarƙashin Shaka ta haddasa yaƙe-yaƙe da gudun hijira da suka wofintar da manyan yankuna. Ana kiran wannan zamani Mfecane, kuma littafin John Omer-Cooper na 1966 ne ya kafa shi a manhajojin makarantu. Julian Cobbing na Jami'ar Rhodes ya zo, a maƙalar da ya buga a mujallar a 1988, ya ce an ɗora wa Zulu laifin da ba nasu ba. A ganinsa, tushen rikicin shi ne cinikin bayi ta mashigin Delagoa, inda birnin Maputo yake a yau, da kuma farautar ma'aikata daga iyakar yankin Cape. Ya sake karanta labarin faɗace-faɗace biyu, na Dithakong a 1823 da na Mbolompo a 1828, ya ce hare-haren kamun mutane ne aka yi wa ado. Ya ƙara da cewa labarin ƙasa wofi ya yi wa mulkin wariyar launin fata daɗi, domin yana nuna Turawa sun tarar da ƙasa ba mai ita.

Maƙalar ta ta da ƙura sosai. To amma mu duba lokutan. Shekarun da ma'aunin tasiri zai ƙirga mata su ne 1989 da 1990. Babban taron da aka kira musamman don a kai ruwa rana a kanta, a Jami'ar Witwatersrand da ke Johannesburg, a 1991 aka yi shi. Manyan martani biyu da suka fito a cikin ita mujallar kanta, na Elizabeth Eldredge da na Carolyn Hamilton, a 1992 suka fito. Eldredge ta koma kan hujjojin ta nuna cewa cinikin bayi ta Delagoa bai yi girma ba kafin 1823, wato bayan rikicin ya riga ya kankama, don haka ba zai zama sanadinsa na farko ba. Hamilton ta nuna cewa hoton Shaka ba Turawa kaɗai suka zana shi ba, akwai muryoyin 'yan ƙasa a ciki, masoya da maƙiya. Littafin da ya tattara muhawarar, wanda Hamilton ta tace, a 1995 ya fito. Duk wannan ya faru ne bayan an rufe taga, wato shekara biyun da ake ƙirgawa. Littafin kuwa, ko da ya fito da wuri, lissafin ba zai gan shi ba, domin littafi ne.

Dalilin jinkirin a bayyane yake ga duk wanda ya san aikin. Mai son mayar wa Cobbing martani sai ya koma ɗakin adana takardu, ya sake karanta wasiƙun 'yan mishan da rahotannin Turawan Fotugal, ya rubuta, ya aika, masu tantancewa su karanta su dawo da gyara, sannan a jira layi. Shekara uku zuwa huɗu sun tafi. Mai auna irin wannan aiki da shekara biyu kamar wanda ya dasa dabino ne, ya dawo bayan damina biyu, bai ga 'ya'ya ba, ya ce icen banza ne.

Akwai wani darasi kuma a nan da ya juya ta ɗaya ɓangaren. Idan aka faɗaɗa taga zuwa shekara talatin, maƙalar Cobbing za ta fito cikin waɗanda aka fi ambata. Amma da yawa daga masu ambatonta suna yi ne don su ce ya wuce gona da iri, musamman a zargin da ya yi wa 'yan mishan game da Dithakong. Lamba ba ta bambance wanda ya ce na yarda da wanda ya ce ban yarda ba. Gaskiyar matsayin maƙalar ita ce: yawancin masana ba su karɓi bayaninta dalla-dalla ba, amma bayan ta babu mai iya maimaita tsohon labarin yadda yake. Wannan hukunci sai wanda ya karanta ne zai iya yanke shi.

Ba Cobbing kaɗai ba ne. Muhawarar asalin masu harsunan Bantu da yaɗuwarsu ta ratsa shafukan mujallar daga Malcolm Guthrie a 1962, zuwa Oliver a 1966, zuwa Greenberg a 1972, zuwa Vansina a 1995: zance guda, shekara 33. Thomas Spear a 2003 ya rubuta maƙalar da ta ja wa ra'ayin ƙirƙirar al'ada a zamanin mulkin mallaka birki, yana mayar da martani ga babin da Terence Ranger ya buga a cikin littafi tun 1983.

Lissafin bayi, da wanda ya kwashi ambaton

Labari na biyu ya nuna yadda tasiri ke fita daga gida ya koma aljihun wani. A 1969 Philip Curtin ya buga littafin da ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 9.5 ne aka sauke a matsayin bayi ta hanyar tekun Atalantika. A 1976 Joseph Inikori ya ƙalubalanci wannan adadi a Journal of African History, ya ce ya yi ƙasa ƙwarai, Curtin da Roger Anstey suka amsa masa a cikin kundin wannan shekarar. A 1982 Paul Lovejoy ya tattara duk sabbin binciken da aka yi a tsakani, ya kai ga kimanin miliyan 11.7 da aka ɗiba daga Afirka. A gefe guda kuma ga takaddamar Walter Rodney, wanda a 1966 ya ce cinikin Atalantika ne ya yaɗa bauta a gaɓar Gini ta sama, da Fage, wanda a 1969 ya ce bauta ta riga ta zama ɓangare na ginin daulolin yankin. Wannan kai-komo ne ya share fagen rumbun bayanan jiragen bayi da ya fito a faifai a 1999, ya hau intanet a 2008, wanda ƙiyasinsa ya tsaya a kan miliyan 12.5 da aka loda, miliyan 10.7 da suka isa da rai.

Daga nan masana tattalin arziki suka shigo. Daron Acemoglu da Simon Johnson da James Robinson, a maƙalarsu ta 2001, sun dogara sosai da alƙaluman mace-macen Turawa a yankunan mallaka waɗanda Curtin ya tattara. Nathan Nunn a 2008 ya haɗa bayanan jirage da bayanan ƙabilun bayi da masu tarihi suka tono, ya danganta yawan bayin da aka ɗiba daga ƙasa da talaucinta na yau. An ambaci waɗannan maƙalu sau dubbai, kuma mutum ukun farko sun sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2024. Wanda ya zo bayan Nunn, Nunn yake ambata. Ba ya komawa kan waɗanda suka zauna shekaru suna karanta takardun jirage ɗaya bayan ɗaya. A 2009 A. G. Hopkins ya rubuta a Journal of African History yana faɗakar da 'yan'uwansa masu tarihi cewa sun bar tarihin tattalin arziki, wasu sun ɗauka suna gina manyan hukunce-hukunce a kai, ya kamata su dawo su sa baki.

Ban faɗi wannan don rage wa masana tattalin arziki daraja ba. Fanninsu yana da yawan mutane da yawan mujallu, suna ambaton juna da sauri, don haka lambobinsu manya ne. Abin lura shi ne cewa girman lamba yana bin girman fanni da ɗabi'ar ambatonsa, kuma tasirin da ya bi ta hannun wani ba a rubuta wa mai shi.

Abin da ke ƙasan shafi

Buɗe kowace maƙala ta mujallar ka dubi ƙasan shafi. Sau da yawa tushen bayani ya cinye sulusin shafin ko rabinsa, da ƙananan haruffa. Na farko zai ce fayil mai lamba kaza a ɗakin adana takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew, wasiƙar gwamna zuwa ga sakataren mallaka, rana kaza. Na biyu zai ce hira da wani dattijo a wani gari, shekara kaza. Na uku wata tsohuwar jarida, na huɗu kundin digiri na uku da ba a buga ba, na biyar littattafai uku a jere. Maƙalar mujalla da ta fito bara ko bariya, da wuya ka ci karo da ita. Mai tarihi yana kafa hujja ne da shaidar zamanin da yake magana a kai, sannan da littattafai. A kimiyyar halittu kuwa kusan duk manazartar maƙalu ne, kuma da yawansu sababbi ne. Tun daga nan an raba hanya.

Haka abin yake ta ɗaya fuskar. Babban makomar kyakkyawar maƙalar tarihi shi ne ta shiga littafi: ko marubucin ya faɗaɗa ta ta zama babi, ko wasu su gina nasu a kanta. Abin da aka fara gwadawa a mujallar ne ya kwarara cikin juzu'ai takwas na tarihin Afirka da Fage da Oliver suka jagoranta a Cambridge daga 1975 zuwa 1986, da kuma juzu'an tarihin Afirka na hukumar UNESCO, aikin da aka ƙaddamar a 1964. Daga nan ya shiga littattafan makaranta da laccoci. Sai a 2011 kamfanin Thomson ya buɗe kundin ambato na littattafai, kuma bai ɗauki sai wani ɓangare ba. Google Scholar, wanda ya fito a 2004, ya fi kama littattafai da kundayen digiri, amma yana haɗa tsaba da tsakuwa, yana kuma maimaita abu ɗaya.

Sharhin littattafai ma ya cancanci a tsaya a kansa. A fannin da littafi ne babban aiki, sharhin da ƙwararre ya yi a mujalla irin wannan shi ne kotun farko. Yana gaya wa malami abin da zai sa a manhaja, yana gaya wa mai ɗakin karatu abin da zai saya, yana iya gyara kuskure kafin ya yaɗu. Da wuya wani ya ambaci sharhi a tushen bayani. A idon lissafi, waɗannan shafuka kusan babu su.

Inda ƙirge yake faɗin gaskiya

Da zan tsaya a nan, da na yi wa lamarin rabin adalci. Masu tarihi kan so su ce a yar da lissafi gaba ɗaya, ni kuwa ban yarda da haka ba, domin akwai abin da ƙirge ke tonawa wanda karatu kaɗai ke iya rufewa.

Na farko, ambato ba ya rabuwa daidai a tsakanin maƙalu. Per Seglen ya nuna a 1997, daga mujallun kimiyyar sinadaran jiki da ya bincika, cewa kashi 15 cikin ɗari na maƙalu ne ke kwashe rabin ambaton, rabin maƙalun kuma su kwashe kashi 90. Wannan karkata sananniya ce a fannoni da dama. Ma'anarta ita ce sunan mujalla ba ya gaya maka darajar maƙala guda. Wannan ya shafi masu ɗaukaka lamba, ya kuma shafi masu ɗaukaka suna. Wanda ya ce aikin wane mai kyau ne tunda ya fito a Journal of African History, bai bambanta da wanda ya ce mai kyau ne tunda ma'aunin mujallar ya kai kaza ba. Dukansu ba su karanta ba.

Na biyu ya fi ɗaci. Ryan Briggs da Scott Weathers sun ƙirga marubutan wasu mujallu biyu maƙwabta, African Affairs da Journal of Modern African Studies, daga 1993 zuwa 2013. Sakamakon da suka buga a 2016 ya nuna cewa kason maƙalun marubutan da ke zaune a Afirka ya sauko daga kimanin kashi 25 zuwa kimanin kashi 15, kuma ana ambaton maƙalunsu ƙasa da na sauran. Waɗannan mujallu biyu sun fi karkata ga siyasa, amma yanayin da ya haifar da sakamakon bai bar tarihi ba. Matsin tattalin arzikin shekarun 1980 ya karya kasafin jami'o'in nahiyar, ɗakunan karatu suka daina sayen mujallu, malamai da yawa suka yi hijira, waɗanda suka rage kuma aji ya yi musu yawa. Shirin da rumbun mujallu na intanet mai suna JSTOR ya ɓullo da shi a 2006, wanda ya yafe wa cibiyoyin ilimi na Afirka kuɗin shiga, ya rage matsalar samun abin karantawa. Bai ba kowa kuɗin tafiya Kew ko Aix-en-Provence ba, inda da yawa daga takardun mulkin mallakar Birtaniya da Faransa suke. Irin wannan gaskiya, da ba a ƙirga ba, da an ci gaba da musunta ta.

Na uku ya shafi mujallun da ke wajen kundin. Tun kafin a kafa Journal of African History, Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, wadda Kenneth Dike ya jagoranci kafawa a 1955, ta fara buga mujallarta a 1956. A cikinta ne Abdullahi Smith ya buga maƙalarsa ta 1970 kan yadda dauloli suka kafu a ƙasar Hausa, maƙalar da Finn Fuglestad a 1978 da John Sutton a 1979 suka ci gaba da tattauna batunta a shafukan Journal of African History. Ga tasiri a fili. Amma mujallar da fitowarta ta riƙa tsinkewa saboda rashin kuɗi ba ta cika sharaɗin shiga kundi, wadda ba ta cikin kundi kuma ba a lissafa mata ma'auni, ambaton da marubutanta suka yi wa wasu ma ba ya shiga lissafi. Sai malami ya ga hukuma ba ta ƙirga mujallar gida, ya aika mafi kyawun aikinsa waje, mujallar gida ta ƙara rauni.

Martanin da aka mayar

Masu tarihi ba su naɗe hannu ba. A 2007 Gidauniyar Kimiyya ta Turai ta fitar da jerin mujallun ilimin ɗan'adam, ta raba su aji uku, A da B da C. A 2008 editocin gomomin mujallun tarihin kimiyya da fasaha da likitanci suka buga sharhi guda a tare, suka nemi a cire sunayen mujallunsu daga jerin. A 2009 gidauniyar ta janye haruffan. Ostareliya ta soke nata jerin a 2011, bayan da aka ga jami'o'i suna tilasta wa malamai bugawa a mujallun ajin farko kawai. Sanarwar San Francisco da ake kira DORA, wadda ta samo asali a wani taro na 2012, ta nemi a daina amfani da ma'aunin mujalla wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma da ba da tallafi. A tsarin Birtaniya na tantance binciken jami'o'i, kwamitin tarihi yana karanta ayyukan ne da kansa, ba ya duba ma'aunin mujalla, kuma ana iya ƙirga babban littafi a matsayin aiki biyu.

Duk da haka matsin bai ragu ba. A Afirka ta Kudu gwamnati na biyan jami'o'i tallafi a kan kowace maƙalar da ta fito a mujallar da ke cikin jerin da aka amince da su. Jerin darajar jami'o'i na duniya suna dogara da ambaton da ke cikin kundin ambato na Scopus ko na Clarivate, don haka shugabannin jami'o'i suke juyowa kan malamai. A 2023 Clarivate ya fara ba mujallun fasaha da ilimin ɗan'adam ma'auni su ma, wato mujallun tarihi da yawa da a da ba su da lamba yanzu suna da ita, kuma lambar da ta samu sai an yi amfani da ita. Wanda abin ya fi taɓawa shi ne ƙaramin malami. Yana gaban zaɓi tsakanin shekara biyu ko uku a kan maƙala guda mai nauyi, da maƙalu biyar marasa zurfi a mujallun da ke karɓa cikin mako shida. Idan kwamitin ƙarin girma ƙirga kai yake yi, na biyun ne zai ci, kuma ba laifinsa ba ne.

Kwamitin da ke son auna aikin da ya fito a mujalla irin wannan yana da hanyar da ta fi. Ya ba ƙwararru biyu ko uku a fannin su karanta maƙalar. Idan zai duba ambato, ya duba na maƙalar kanta cikin shekara goma zuwa ashirin, ya haɗa da littattafai da kundayen digiri da manhajoji, ya kuma buɗe wasu daga cikin ambaton ya ga abin da aka ce. Ya kwatanta ta da maƙalun tarihi sa'o'inta, ya bar mujallun likitanci a inda suke. Su kuma masu binciken ƙididdiga, akwai aikin da ke jiran su: tsofaffin fitowar Journal of African History da na mujallar Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya duk suna cikin JSTOR, da tushen bayaninsu a ƙasan kowane shafi. Ana iya bin su shekara-shekara tun daga 1960, a fitar da wa ya rubuta, daga wace jami'a, wa ya ambata, mujallar gida nawa ce a ciki, kuma a wace shekara ce kason ya fara sauka.